Yini Ɗaya a Kan Ruwa: Darasi Ga Mai Fita Su da Kwalekwale

 Darasinmu na wannan fitowa a kan su ne, wato kamun kifi, musamman wanda ake yi da ƙaramin jirgi.

Wani zai ce: ina ruwan mutumin Gure da kwalekwale, shi da ke zaune tsakanin duwatsun Muniyo da tuddan rairayi? To, in kaka ta wuce, akwai samarinmu da ke tafiya cin rani bakin ruwa. Wasu su nufi Gidimuni, wasu Komadugu, wasu har Tafkin Cadi. Galibinsu ɗiyan manoma ne, hauya suka gada, ba su gaji koma ba, kuma da yawa ba su iya iyo ba. Bayan haka, bandar da matanmu ke sawa a miya daga hannun masunta take fitowa. Ashe darasin ya shafi mai tafiya, ya shafi wanda aka bari a gida.

Duk masuncin da ya tura jirgi da asuba yana ɗauke da amana uku: ransa, da kifin da zai ci da mutane, da ruwan da zai bar wa na baya. Yinin su ya yi kyau ne idan ukun nan sun kai yamma lafiya. Bari mu bi yinin daki-daki, tun daga jajibiri har almuru.

RUWAYEN DA MUTANENMU KE ZUWA

Mafi kusa da mu shi ne tafkin Gidimuni, a bakin babbar hanya tsakanin Gure da Damagaram, wanda garake da dabino suka kewaye. A shekarar 2019 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke kiyayewa, tare da tafkin Madarunfa na jahar Maraɗi. Akwai kuma ƙananan tafkuna da ma'aikatan gandun daji kan zuba wa ƴaƴan tarwaɗa da karfasa domin amfanin ƙauyuka.

A gabas akwai Komadugu Yobe, wadda ta raba mu da Najeriya a jahar Difa. Ruwanta daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake tasowa, ya faɗa Tafkin Cadi wajen Boso. Shi Tafkin Cadi, a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka rage shi ƙwarai, har ɓangarenmu na arewa ya ƙafe, garin Ngigmi da ke bakin ruwa ya koma kan tudu. A wurin da ruwa ya janye, itatuwan ƙaya suka tsiro suka zama daji. Daga baya ruwa ya riƙa komowa, musamman a shekarun ambaliya irin su 2022 da 2024, ya shiga cikin wannan daji. Saboda haka mai jirgi ya riƙe abu biyu: tafkin ba shi da zurfi sosai, mita kaɗan ne, amma yana da faɗi, kuma a ƙarƙashin ruwan akwai kututture da ƙaya masu yage taru, masu huda jirgi.

Akwai kuma maganar tsaro. Bayan harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa a watan Fabrairu na 2015, an kwashe mutanen tsibirai, an hana su da cinikin kifi, sai a 2019 aka ɗage hanin. Kada kowa ya nufi tafkin bisa jita-jitar tasha. A tambayi hukuma da sarkin ruwan wurin inda aka yarda a shiga, a tsaya nan.

JAJIBIRI: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Rabin aikin su a kan tudu ake yin sa, tun rana ba ta faɗi ba. Ga abin da ya kamata a duba:

1. Jirgi. A kifar da shi a bi katakonsa da hannu. Duk inda ya tsage a toshe da tsumma da kwalta. Ɗigon da aka raina a gaɓa shi ne ke cika jirgi a tsakiyar ruwa.

2. Abin tuƙi. Filafili biyu da doguwar gora ɗaya. Ko jirgi mai inji ne, kada a bar filafili a gida, domin inji na mutuwa, mai na ƙarewa.

3. Abin kwarfe ruwa. Ƙwarya ko gwangwani, a ɗaure shi da igiya a jikin jirgi.

4. Abin da zai riƙe mutum bisa ruwa. Rigar ceto ita ce gaba, kuma sai an sa ta a jiki take amfani. Wanda bai samu ba, ya tanadi bido na lita 20, marar komai a ciki, mai murfi ƙulle tam, ya ɗaura masa igiya ta riƙo. Irin wannan bido na iya riƙe kan babban mutum sama da ruwa. Kowane mutum da nasa.

5. Ruwan sha daga famfo ko rijiya mai tsabta, da guzuri, da malafa.

6. Wuƙa mai kaifi cikin kube, a ɗaure a ƙugu, da tocila, da salula cikin leda ɗaure.

7. Buhun algarara ko tabarma da za a jiƙa a rufe kifi.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko dala: a gaya wa wani a gaɓa inda za a nufa da lokacin komowa. Wanda aka san inda ya tafi, shi ake saurin nema. Kuma baƙo kada ya fita shi kaɗai. Ya bi wanda ya san ruwan, ya fara gaida sarkin ruwa, ya nemi takardar izinin su wajen ma'aikatan gandun daji.

ASUBA: SU A LUNGU DA BAKIN GAƁA

Da asuba iska kan kwanta, ruwa ya yi lumui. Lokacin ne ake zagaya kalli da mamari da guran da aka kafa jiya. A fara da su tun rana ba ta yi zafi ba, saboda kifin da ya mutu cikin kalli da dare ya riga ya fara lalacewa a cikin ruwa mai ɗumi.

Lungu, wato inda ruwa ya shiga tsakanin tsibirai ko cikin kacalla da ciyawa, shi ne gidan kifi. Nan yake samun abinci da inuwa da maɓoya. Karfasa na son wuri marar zurfi mai rairayi. Namijin ke haƙa rami kamar kasko a ƙasan ruwa, macen ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su ta riƙe cikin bakinta har su ƙyanƙyashe. Tarwaɗa kuwa a ƙasa take kiwo, galibi da dare, kuma tana iya shaƙar iska, shi ya sa take daɗewa da rai bayan an fid da ita. Gaiwa ta fi su duka dauriya: in ruwa ya ƙafe sai ta shige laka ta lulluɓe kanta, ta yi watanni tana jiran damina. Akwai bargi, akwai ƙurungu mai ƙaya, akwai minjirya mai jan mutum kamar lantarki.

Lungu ba shi da igiyar ruwa, amma yana da nasa haɗari. Ciyawar ƙarƙashin ruwa na naɗe ƙafar wanda ya faɗa. Laka na riƙe mutum har gwiwa. Mai jefa birgi kan ɗaura igiyar a wuyan hannu; idan birgin ya sarƙe a kututture jirgi kuma na tafiya, igiyar sai ta fizge shi. Don haka a yi madauki mai sauƙin zarewa, wuƙa kuma na kusa. Mai sakin mamari kada ya sa riga mai faɗin hannu, domin ƙugiya ɗaya ta kama tufa, sauran za su ja mutum su bi da shi. A Tafkin Cadi akwai dorina. In an ga kunnuwanta ko an ji gurnaninta, a kauce nesa, balle mai ɗa.

Idan ƙugiya ta shige nama har ƙarinta ya ɓace, kada a fizge ta baya. A yanke zaren, a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, a tafi gidan likita, a nemi allurar rigakafin ciwon sandarewar jiki, wato tetanos. Sukar ƙurungu ko ta tarwaɗa, a wanke da sabulu, a tsoma wurin cikin ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure, zogin zai ragu. In wurin ya kumbura ko ya yi ruwa, sai likita.

HANTSI: TSAKIYAR RUWA

Da hantsi ne zuciya ke raya wa saurayi ya fita fili, inda babu ciyawa, wai can manyan kifaye suke. Gaskiya ne giwan ruwa da tsage kifayen sarari ne, kuma giwan ruwa na iya wuce kilo 100. Sai dai tun da fari ya mai da ɓangarenmu na tafkin fadama, abin da ya fi yawa a kamun masunta shi ne tarwaɗa da karfasa da bargi, kifayen lungu ke nan. Sau da yawa mai nisan tafiya wahala ya ƙara, bai ƙara kifi ba.

Wanda sana'a ta kai shi sarari, ya san halin iska. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, ta kan ƙarfafa da hantsi, ta zo da hazo mai ɓoye gaɓa. Da bazara da damina kuwa hadari daga gabas yake tasowa, iska mai ƙura na gabansa, kuma tsakanin ganinsa da isowarsa ba nisa. Ruwa marar zurfi in iska ta buge shi, igiyarsa gajera ce, a tsaye, ɗaya na bin ɗaya, ba ta ba ƙaramin jirgi sararin miƙewa. Ga ƙa'idodin da tsofaffin masunta ke bi:

Na farko, a fita ana fuskantar iska tun jirgi ba kaya, hannu kuma da ƙarfi, domin in an yi lodi an gaji, iskar ta turo mutum gida.

Na biyu, a tari igiyar ruwa da goshin jirgi. In ta bugi haƙarƙarinsa, kifewa ta zo kusa.

Na uku, a zauna ƙasa-ƙasa. Wajen jan taru kada mutum biyu su taru a gefe ɗaya. Ɗaya ya ja, ɗaya ya danne wancan gefen.

Na huɗu, a san iyakar lodi. Idan tsakanin ruwa da bakin jirgi bai kai taƙi guda ba, kaya sun yi yawa. Gara sawu biyu da kwana a ƙasan ruwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na biyar, da an ga gabas ta yi baƙi ko an ji tsawa, a bar taru a nufi gaɓa ko lungu mafi kusa. Taru ana sayen wani. Mutum a tsaye cikin jirgi da doguwar gora a sararin ruwa, shi ne abin da ya fi tsawo a wurin, kuma aradu abu mai tsawo take faɗa wa.

IN JIRGI YA KIFE KO WANI YA FAƊA RUWA

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya. A shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan nutsewa. Mu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma mu ne dai muka ce iya ruwa fid da kai.

Idan jirgin katako ya kife, yawanci ba ya nutsewa gaba ɗaya. A riƙe shi, kada a sake shi a ce za a yi iyo zuwa gaɓa. Gaɓa ta fi yadda ido ke nunawa nisa, kuma masu nema sun fi saurin hango jirgi bisa ga kan mutum.

Idan wani ne ya faɗa, kada a yi tsalle a bi shi. Mai nutsewa ya kan ƙanƙame duk abin da ya taɓa, sai a rasa mutum biyu. A miƙa masa gora, ko a jefa masa bido ko igiya. A jawo shi ta goshin jirgi ko ta bayansa, domin hawowa ta gefe na kifar da ƙaramin jirgi.

Da an fid da shi, a duba numfashi. In yana numfashi, a kwantar da shi bisa haƙarƙari, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki sau 5. Sannan a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a danna da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a sake dannawa sau 30. A ci gaba haka har ya yi numfashi ko taimako ya iso. Al'adar nan ta rataye mutum kai ƙasa ko danna masa ciki wai a fid da ruwa, ɓata lokaci ce, tana kuma sa amai ya shige huhu. Iska yake bukata. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi gidan likita, domin ruwan da ya shiga huhu na iya tayar da ciwo bayan awoyi.

RANA TSAKA: CIWON DA BA A GANI

Da rana ta take, zafi kan sa masunci ya faɗa ruwa ya yi wanka a bakin gaɓa. A nan tsargiya ke jiransa. Ga yadda take yawo: mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya fita tare da fitsarin ya ƙyanƙyashe. Ƴar tsutsar ta shiga jikin ƙananan katantanwa da ke manne da ciyawa, ta hayayyafa a ciki, ta fito da yawa, musamman da tsakar rana. Ido ba ya ganin ta. Ta huda fatar wanda ke cikin ruwa, ta bi jini, ta zauna a jijiyoyin mafitsara. Bayan watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari.

Wasu na ɗaukar wannan jini alamar balaga ce ga yaro namiji. Ciwo ne, kuma in ya daɗe yana rage jini, ya lalata mafitsara da ƙoda, ya taɓa haihuwa ga mace da namiji. Maganinsa ƙwaya ce mai suna Praziquantel, ana auna ta bisa nauyin mutum ko tsawonsa, kuma tun 2004 ƙasarmu ke rabon ta ga jama'a a wuraren da ciwon ya yi yawa. Masunci ba shi da yadda zai ƙi taɓa ruwa, amma yana iya rage haɗari: ya rage tsayuwa cikin ruwan gaɓa mai ciyawa, ya sa takalmin roba mai tsawo, ya yi wanka da ruwan rijiya ko wanda aka ɗebo ya kwana biyu a tulu, ya je awo da ya ga alama. Fiye da duka, kada a yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa ko bakinsa. Nan ne igiyar ciwon ke tsinkewa.

Kada mu ce ba ta yiwuwa. Dattawanmu sun san yadda kurkunu ya kwantar da manoma a jahar Damagaram da tsakar damina. Da tace ruwa da hana mai ciwo shiga tafki aka kashe shi, har OMS ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Abin da ya ci kurkunu zai iya cin tsargiya.

Ruwan tafki kuma ba na sha ba ne sai an tafasa ko an sa masa magani, domin zawo da kwalara na bin sansanin masunta. Da dare a kwana cikin gidan sauro, saboda bakin ruwa ba ya rabuwa da zazzaɓi.

KOMOWA: KIFI AMANAR MAI CI NE

Kifi na fara lalacewa tun daga lokacin da ya mutu, zafi kuma na gaggauta shi. Kada a bar shi cikin ruwan da ya taru a gindin jirgi, ana taka shi, rana na dukansa. A zuba shi cikin kwando, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Manya a farke cikinsu, a cire hanji da matsatsin kunne, domin daga nan ruɓa ke farawa. Tarwaɗa a bar ta da rai cikin ɗan ruwa har a iso. Mai halin ƙanƙara ya yi amfani da ita.

Uwargida mai saye ta duba abu uku. Kifi mai kyau idonsa garau ne, cikin kunnensa ja ne, kuma in an danna namansa da yatsa sai ya komo. Wanda idonsa ya faɗa, kunnensa ya yi toka-toka, yatsa ya bar gurbi a jikinsa, a bar wa mai shi.

Abin da ba a sayar ɗanye ba, a banda shi a ranar. A wanke da ruwa mai tsabta, a ɗan jiƙa cikin ruwan gishiri, a tsane bisa raga sama da ƙasa, sannan a ɗora a wuta. A fara da wuta mai sauƙi, a riƙa juyawa, har ya bushe ciki da waje. Wanda wajensa ya ƙone cikinsa da danshi, kwana kaɗan zai yi tsutsa. Kada a hura wutar banda da leda ko tsohuwar taya. Akwai murhun laka mai suna Corkor, wanda aka fito da shi a Gana a 1969, ana jera tire-tire na raga bisa juna a kansa. Yana cin itace kaɗan, yana ɗaukar kifi da yawa. A ƙasa irin tamu da hamada ke ci, wannan abin koyo ne.

Yanzu ga babban gargaɗi. Wasu na yayyafa wa banda maganin ƙwari na gona, ko irin piya-piya, domin ƙuda da ƙwaro kada su taɓa ta. Wannan guba ce ake ci da mutane. Wanki ba ya fid da ita duka, dahuwa ma haka. Tana sa amai da jiri da ciwon ciki, tana iya kisa, kuma yara ta fi yi wa illa. Maganin ƙwaro shi ne bushewa sarai, da gishiri, da ajiya a wuri mai iska sama da ƙasa, da sake nuna wa bandar wuta in ta kwana biyu. Bandar da ke warin magani, ko wadda ƙuda ke gudu a tsakiyar kasuwa, abin tuhuma ce.

Kuma kada masunci ya sayar da kamunsa kaf ya bar gida da miya lami. Kifi na gina jiki. Yaron da ya cika wata 6 ana iya daka masa busasshen kifi lukui, a tankaɗe saboda ƙaya, a zuba cikin kununsa ko faten wake. Mai ciki da mai shayarwa su ma suna da rabo.

A BAR WA RUWA IRI

Ba manomin da ke cinye irin shukarsa. Haka ruwa yake. Karfasa ɗaya mai ƙwai a baki, ɗaruruwan kifi ce aka kashe in an kama ta. Tarwaɗa da farkon damina take shiga ciyawar da ruwa ya rufe ta yi ƙwai. Wanda ya tare ta a lokacin ya ci kamun baɗi.

Masunta na auna idon taru da yatsa. Taru mai ƙaramin ido na kwashe ƴaƴan da ba su kai haihuwa ba. Mafi muni shi ne su da gidan sauro: an hana yara kariya daga zazzaɓi, an kuma share ruwa har ƙwai. Dumba, wato jera gura a tare mashigin ruwa baki ɗaya, tana hana kifi isa inda zai hayayyafa, tana kuma haddasa faɗa tsakanin masunta. Zuba guba a ruwa, irin su Gamalin, yana kashe babba da ƙarami, ya cuci dabbar da za ta sha da mutumin da zai ci. Tun dokar su ta 7 ga Disamba 1998 ƙasarmu ta haramta su da guba da nakiya, kuma har yau haramun ne. A tambayi ma'aikatan gandun daji girman idon tarun da aka yarda da shi. Idan gari ya rufe tafkinsa na wasu watanni domin kifi ya girma, baƙo da ɗan gari duk su kiyaye. Ƙaramin kifi da ya shigo da rai, a mai da shi. Baɗi zai komo da nauyi.

LISSAFI

Ga misali, a yi shi bisa allo. A riƙe cewa kilo 3 na ɗanyen kifi na ba da kilo 1 na banda, a kuma ɗauka ana sayen kilon banda jika 2.

Masunci na farko ya yi nisa, ya kai la'asar, ya kama kilo 30, amma kilo 9 ya lalace a rana. Masunci na biyu ya tsaya lungu, ya komo kafin azahar da kilo 24, ya rufe kifinsa, ba abin da ya lalace.

1. Kilo nawa na banda kowannensu zai samu?
2. Jika nawa kowannensu zai karɓa?
3. Wane ne ya fi kamu, wane ne ya fi riba?

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne abubuwa ne ake dubawa tun jajibirin fita?
2. Don me ake fita ana fuskantar iska?
3. Me za mu yi wa wanda aka fid da daga ruwa ba ya numfashi? A gwada a aji, da buhun ƙaiƙayi a madadin mutum.
4. Ta wace hanya tsargiya ke barin mutum ta kama wani?
5. A tafkin da ya fi kusa da ƙauyenmu, wa ke da ikon rufewa da buɗewa? In babu, yaya za mu kafa kwamiti?

Muna roƙon malaman cibiyoyi su karanta wannan darasi tare da ɗalibai kafin masu cin rani su kama hanya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, uwa ta gaya wa ɗanta, mata ta tuna wa mijinta bido da igiya. A aiko mana da amsar lissafi ta hannun malamin cibiya. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo mana da su lafiya, ya sa albarka a ruwa da tudu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.